Shafin da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

"Umma, yarinyar nan ta cikin littafin da kika ƙwace, har yanzu tana kulle a rumbu?"

Walida ce, 'yata mai shekara takwas, ta jefo mini tambayar ina tsaka da tankaɗe. Na ce ta je ta wanke hannu. Ba ta motsa ba. "Ai ba mai buɗe mata tunda kin yaga."

Ga yadda abin ya faro. Makon jiya na kalli wani shiri a talabijin kan littattafan ban tsoro da ake rubuta wa yara. Aka nuno iyaye a taro suna ɗaga murya, a hana, a kwashe su daga makarantu. Ban ma jira ƙarshen shirin ba, na zazzage jakar Walida. Na kuwa samu irinsu: labarin wata Tasalla da Mai Lasar Inuwa ya ritsa a rumbu. Walida ta kai tsakiyar littafin, ta sa tsinken tsintsiya alama. Ni ba na ɓarnar takarda, don haka na cire bangon, na kai wa Iya Azumi mai ƙosai ta ƙofar gidanmu shafukan ta riƙa naɗi. Tun ranar Walida ba ta yarda a rufe mata ƙofa, ko ta banɗaki ce, kuma kullum tana waiwayen inuwarta.

Ranar da ta yi tambayar, zazzaɓi ke cina. Bayan azahar na sha magani na kishingiɗa a tabarma. Ba wuta, ba iska. Sai tabarmar ta yi laushi kamar ƙullu, na nutse.

Na faɗo cikin rumbu. Bangonsa duk takarda ce da ta sha mai, haske na ratsowa ja-ja. Ba ƙofa. Bakin yana can sama, an kife shi da bangon littafin da na cire da hannuna. A gefe wata yarinya ta haɗa kai da gwiwa, kitsonta irin wanda na yi wa Walida.

"Ke ce Tasalla?"

"Ke ce kika rufe," ta ce, ba ta ɗago ba.

Wani abu ya soke ni a tafin ƙafa. Tsinken tsintsiya ne, tsaye kamar dogari.

"Ni ne alamar," ya ce. "Nan aka bar ni, nan kowa zai tsaya. Ba gaba."

"To a koma baya mana."

"Wanda ya riga ya ji tsoro ba shi da baya."

Bangon rumbun ya tsage, talabijin ya leƙo. Iyayen nan na taro suna ciki, ni ma ga ni a sahun gaba da mayafina ruwan toka. Muka haɗa baki: "A hana!" Rumbun ya tsuke. "A kwashe!" Ya ƙara tsukewa, har gwiwata ta haɗu da ta yarinyar. Na roƙi kaina ta cikin talabijin ta yi shiru. Ko kallona ba ta yi ba.

Sai na ji lasa daga waje, a hankali, kamar akuya ta samu gishiri. Na duba ƙasa, inuwata ba ƙafafu.

"Baiwar Allah," wata murya ta ce, a gajiye, "ni ma na ƙosa. Can gaba ake korata, in tafi in huta. Kin kwashe ƙarshena. Yanzu sai dai in yi ta lasa."

Rufin ya ɗage. Na zaci sama zan gani, ashe kaskon mai ne yana tafasa a kife, ko ɗigo ba ya zuba. Iya Azumi ta sunkuyo, kanta ya kai girman gari. Ta ɓanɓari bangon rumbun ta naɗe ƙosai, ta miƙa wa wani hannu ƙarami. Ta sake ɓanɓara. Hannuwan yara sun yi layi har iyakar gani. Wannan ya tafi da farce, wancan da kururuwa, wata da ido ɗaya. Ba wanda ya tafi da labari. Duk inda ta ɓanɓare, sabuwar takarda ta tsiro, ta fi ta da kauri.

"Iya! Shafin ƙarshe nake nema!"

"'Yar nan, ni ba karatu nake ba, naɗi nake. Da yaji ko babu?"

Lasar ta kai ƙugun inuwata. Yarinyar ta ɗago kai, fuskar Walida ce sak. Ta buɗe baki.

"Umma!"

Na zabura. Walida ce ke jijjiga ni, jikina sharkaf da gumi, ana kiran la'asar. Na fizgi mayafi na fita ba takalmi.

Iya Azumi ta ɗora kasko ke nan. Ragowar shafukan na ƙarƙashin dutse. Ta ce, "Lafiya, Maman Walida? Ko zinare kika manta a ciki?" Na yi ta tonawa har na samo na ƙarshe. Ya sha mai, kuma an yage rabinsa na ƙasa. A zaure na karanta wa Walida abin da ya saura: Tasalla ta miƙe, ta ture murfin, ta dubi Mai Lasar Inuwa ido cikin ido, ta ce...

Sauran ya tafi da ƙosan wani.

"Me ta ce, Umma?"

Ban sani ba. Na ce, "Ke da ke ce, me za ki ce masa?"

Ta daɗe tana kallon inuwarta a ƙasa. "Zan ce masa Ummana na nan zuwa."

Har gobe ba na ƙaunar littattafan nan. Amma ke uwa 'yar'uwata, ki ji ni da kyau. In za ki hana, ki hana tun ba a buɗe ba. In kuwa kin tarar da tsinke a tsakiyar littafi, to ɗanki yana ciki. Kada ki rufe a kansa. Ki zauna, ki shiga, ku fito tare.