Kwalbar Inna

Tela yana cikin tsiyaye kwalbar jiƙo a tukunyar shukar fulawar da ke bayan shagonsa sai ya ji sallamar Inna, mahaifiyarsa. Ya yi wuf ya cusa kwalbar ƙarƙashin ƙyallaye.

Wata takwas ke nan tana kawo masa jiƙon saiwoyi duk mako, tun da likita ya ce ciwon hanta nau'in B ya ci masa hanta har ta fara tauri. Likitan ya ja masa kunne: ƙwaya ɗaya kullum, a rage gishiri, jiƙo kuwa ko ɗigo kada ya kai bakinsa. To, amma wa zai dubi idon Inna ya ce a'a? Sai ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, fulawa ta sha. Fulawar, baiwar Allah, tuni ta bushe ƙarau.

Yau Inna ta riƙo hannun wata maƙwabciyarta, idanun matar sun yi rawaya.

"Ga shi nan, dube shi!" in ji Inna, baki har kunne. "Cikin nan da ya kumbura kamar tulu, yana ina? Jiƙona ne. Ba ta rabin naka ta fara sha, ciwonku ɗaya."

Ya dubi matar, ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, ki yafe mini. Ban taɓa sha ba."

"Ba ka taɓa me ba?"

"Ko sau ɗaya. Na asibiti nake sha. Hantata ba za ta iya da wannan ba. Tata ma haka."

Ya kai su bayan shago. Inna ta daɗe tana kallon busasshiyar fulawar. Shi kuwa, da furfurarsa da komai, mari yake jira.

"Wata takwas ina daka, ina tacewa, ashe itace nake jinya," ta ce a hankali.

Sai ta juya ga maƙwabciyar, kai a ɗage. "Kin gan shi? Tun yana yaro bai taɓa musa mini ba. Yau ya yarda ya sha kunya don kada ki cutu. Ni na haife shi."

Ta miƙa masa hannu. "Ba ni kwalbar. Rufe shagon nan ka raka ta wajen likitanka."

Ragowar, ita ta tsiyaye da hannunta.