Sikim ɗin Manga a Layin Zing

Ranar kasuwar Zing Manga ya ɗauki mutum shida daga Jalingo, mace ɗaya ce kawai ta biya kuɗin mota.

Manga direba ne a ƙaramar tashar da ake lodin Zing. Tun da ya taɓa ɗauko wani ma'aikacin gona da ke ta cewa "sikim" a waya, kalmar ta zauna masa a baki. Gyaran birki sikim ne, auren ƙanensa sikim ne. Maƙwabciyarsa a Sintali, Malama Victoria, ta gaya masa Turawa ma aro ta suka yi daga Girkawa, asalinta siffa ce, yadda abu yake a ido. Ta ce gwamnati na kiran shirinta da ita, mai ƙulla makirci ma haka. Manga ya ce ba laifi, shi ma gwamnatin kansa ne.

Babban sikim ɗinsa ba wani ilimi ba ne. Fasinja ba ya shiga motar da ba kowa, sai wadda ta kusa tashi. Saboda haka idan layi ya zo kansa, sai ya zuba 'yan zaman kashe wando a ciki, kowa da jaka a cinya. Duk fasinjan gaske da ya shiga, na bogi ɗaya sai fitsari ya kama shi, ya fita, shi ke nan. Ƙungiyar direbobi ta hana wannan. Wanda aka kama, motarsa za ta bar layi wata guda, kuma Manga ba shi da wata gona sai sitiyari.

Ran nan ya zaunar da huɗu: Ukasha a gaba, Jonah da abokansa biyu a baya. Jakar Ukasha tsummokara ne a ciki, amma ya rungume ta kamar mai zuwa Makka. Mama Dinatu mai sarin doya ta leƙa, ta ga mota ta kusa cika, ta shiga baya ta biya.

Kafin fitsarin Jonah ya iso, sai ga ciyaman ɗin tasha, Alhaji Maishanu. Can bayansa Tobiya ne, direban da ke bin Manga a layi, yana goge gilashin motarsa kamar bai taɓa jin komai ba a duniya.

"Manga, saura mutum nawa?"

"Saura ɗaya, Ciyaman."

"To ta cika. Ina da gaisuwa a Zing."

Ciyaman ya matsa Ukasha jikin giyar mota, ya zauna, ya ja ƙofa.

Jonah ya ce zai ɗan zaga. Ciyaman ya ce ya riƙe, direba zai tsaya masa a hanya, a tasharsa ba a barin fasinja a baya. Manga ya riƙe makulli yana auna abin: in ya buɗe baki, wata guda, in ya yi shiru, wuni ɗaya. Ya tada mota.

Da suka fita gari ciyaman da kansa ya tuna wa Manga ya tsaya. Jonah ya tsuguna bayan wata 'yar bishiya, ba abin da ya zo, mota na jiransa. Ya dawo ya zauna.

Ciyaman ya juya ga Ukasha, ya tambaye shi abin da zai kai shi Zing. Ukasha, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Kona ce, nan bakin Jalingo, ya ce doya. Mama Dinatu ta ji ɗan'uwa a sana'a, ta kama shi da nasiha: kada ya sayi ta bakin hanya, ya riƙa duba gindinta saboda ruɓa, ya bi ta ta haɗa shi da dillalinta.

"Ɗana, wannan jakan naka ba zai ɗauki doya ba. Ina buhu?"

Ukasha ya ce a can zai saya. Manga dai hanya yake kallo, hanyar da ya san kowane raminta.

A Zing ciyaman ya sauka ya gyara hula. Ciyaman ba ya biyan kuɗin mota, kowa ya sani.

"Usoko, na gode, Manga. Fasinjojinka akwai ladabi. Ka jira ni bayan la'asar mu koma tare, na ji su ma yau za su juya. Kada ka ba da kujerunsu."

Yana ba da baya Jonah ya ce yunwa. Ukasha ya ce an yi da shi zai zauna ne a tasha, ba a yi da shi zai yi tafiya ba, ladan wuni daban ne. Suka zauna a rumfar mai abinci suka ci sakwara da nama, ɗaya har da ƙari. Manga na tsaye yana kallon motocin Jalingo suna cika suna tashi, cikinsu har da ta Tobiya, da ta zo shaƙe ta koma shaƙe.

Wajen azahar ya duba allurar mai, ya duba aljihu. Ya buɗe but, ya ciro safayar tayarsa, ya mirgina ta zuwa wurin mai faci. Da kuɗinta ya sayi man da ya mayar da su gida.