Baba Malamin Daji da Kututturan Bayan Gida

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba. Sai dai duk wanda ya ji labarin ranar da muka tura Baba Malamin Daji a baro sai ya ce in sake ba shi, ni kuwa magana a gaban mutane wuya take mini.

"Ke, a hankali! Buhun siminti kika ɗauko?" in ji shi, ya ƙanƙame gefen baron, matashin kai a bayansa.

Matarsa, wadda duk layin muke kira Gwaggo, tana biye da mu da lema. "Siminti ai ya fi ka nauyi, ya kuma fi ka shiru."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Wata uku ke nan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, likita ma ya ce a mayar da shi gida ya huta. Amma da ya ji mazan layi za su banka wa filin bayan gidajenmu wuta ranar Asabar saboda macizai, sai ya rantse ba zai ci abinci ba sai an kai shi.

Filin babu komai sai ciyawa da ledoji da wasu ƙananan duhuwoyi da ba su wuce gwiwa ba. Ya sa na tsaya a gaban ɗaya.

"Tsuguna ki buɗa. Me kika gani?"

"Kututture ne, Baba."

"Bishiya ce, 'yata. Saiwarta tana can ƙasa da ranta, ta girmi mahaifiyarki."

Ya ce lokacin da aka fara kukan daji yana ƙarewa, shi saurayi ne, aka ba shi kaki da keke aka ce ya tsare itatuwa. Duk wanda ya taɓa reshe sai ya kama shi ya ƙwace gatarin.

"Har nawa ya ƙwace," in ji Gwaggo. "Na bi shi ofis ina masifa, ga ni nan har yau."

"Gatarin ya fi ki sauƙin riƙo." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin san abin da muka jawo? Manoma suka riƙa tumɓuke duk tsiron da ya fito a gonarsu, kada ya girma ya zama na hukuma. Mu kuma muna ta yawo da dashe a mota, mu dasa dubu, awaki da rana su bar mana goma, mu tafa wa kanmu. Shekara ashirin! Sai wata tsohuwa ta ja ni gonarta ta ce, ɗan nan, kana taka daji kana neman daji."

Ya ciro wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa daga aljihu ya miƙo mini. Ya sa na zaɓi toho uku mafiya ƙarfi, na yanke sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Da na miƙe, sai ga 'yar bishiya tsaye a inda duhuwa take.

"Saura ashirin da wani abu," ya ce. "Na aika wa Tela, ya ce tsufa ne ke damuna. Ba ya jin magana sai ya gani da ido. Ke za ki nuna masa."

Tela shi ne shugaban layinmu, muryarsa har bakin titi ake ji. Ni ko gaishe shi zan yi sai harshena ya sarƙe.

Ranar Juma'a da hantsi ina share musu tsakar gida, Baba yana shan shayi a bakin ƙofa. Ya ce Gwaggo ta cika sukari. Ta ce shekara arba'in yana wannan ƙorafin, bai taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba. Ya yi dariya, ya ajiye kofin, ya jingina da bango. Gwaggo tana ta ba shi amsa, sai can ta lura ita kaɗai ke magana. Allah ya jiƙansa.

Na ɗauka za a ɗaga ƙonar filin. Amma bayan an dawo daga maƙabarta na ji Tela yana cewa gobe kowa ya fito da manjagara.

Washegari gari na wayewa na ɗauki wuƙar Baba na fita. Na gyara goma sha ɗaya kafin su iso, hannuna duk ƙaya.

"Yarinya, matsa mu yi aiki," in ji Tela, yana kaɗa kwalin ashana. Sai ya yi turus. "Kai! Wa ya dasa waɗannan?"

Na ce, "Ba wanda ya dasa, Kawu. Dama suna nan."

"Me kika ce? Ɗaga murya!"

Na sake faɗa, na buɗa masa duhuwar da ke gabansa. Ya sunkuya ya leƙa kututturen. Wani mai walda a cikinsu ya ce, "Ashe tsohon nan ba surutu yake ba."

Tela ya jefa ashanar a aljihu, ya tattare rigarsa ya tsuguna, tef ɗin awo yana lilo a wuyansa cikin ganye.

"To, malama, wanne ake bari?"

Na ɗora hannunsa a kan tohon da ya fi kauri. Raɓa ba ta bushe a jikinsa ba tukuna.