Kwalayen Malam Tan

"Kai, dakata! Meiyou, meiyou!"

Abdulƙadir bai san ya ake cewa "kada ka ƙona" da Sinanci ba, sai ya yi ta ihun kalmar "babu" ta 'yan kasuwa yana gangarowa daga bene da takalmi ƙafa ɗaya. A tsakar gidan, ɗan ƙanin marigayi Malam Tan ya hura wuta a garwa, ga tulin littattafan rubutun hannu a gefensa.

Jiya da hantsi Malam Tan ya rasu. Shekara tara suna ƙofa da ƙofa, Abdulƙadir yana ɗaure takalma daga kasuwar Zhanxi Lu ta birnin Guangzhou zuwa Kano, tsohon kuma yana duƙe a teburinsa. Farfesa ne mai ritaya, Basine tsantsa, amma ilimin sufancin Yahudawa ya ba rayuwarsa. Sai da ya kai arba'in ya fara koyon Ibrananci, ya je Ƙudus ya zauna gaban malamai da furfurarsa, ya dawo ya shafe shekara talatin yana fassara littafi ɗaya tak da sharhinsa.

Zayyad, abokin sana'ar Abdulƙadir, ya sha tsokanarsa. "Alhaji, wai har yanzu kana kai wa malamin Yahudun nan tuwo?"

"Ina kaiwa. Kai da ko Ahalari ba ka sauke ba, ka samu bakin magana?"

Wallahi yana alfahari da tsohon. Ranar da wata takarda ta faɗi ƙasa, Malam Tan ya ɗauka da sauri ya sumbata, ya ce akwai sunan Ubangiji a jiki, masu wannan ilimi ba sa jefar da irinta kuma ba sa ƙonawa. Abdulƙadir ya ce, "Malam, mu ma ba ma barinta a ƙasa." Tun daga ranar suka shaƙu.

Mako biyu kafin rasuwar, tsohon yana kwance numfashi da ƙyar, ya tambaye shi da Turancinsa mai sanyi, "Kayanka suna ƙetare teku, ya ake ba sa ɓata?"

"Alama, Malam. Duk kwalin da aka rubuta wa sunan mai karɓa, ya yi mai shi. Ba mai taɓawa."

"Ara mini alƙalamin naka."

Kwana uku ya yi yana rubutu da baƙar makar da ake sa wa kwali alama. Da ya gama ya kira shi da sunan da ake kiran 'yan kasuwa a can, ya ce, "Na ba ka kaya, laoban. Ka kai."

Yanzu ga kayan a bakin wuta. Ɗan ƙanin ba mugu ba ne, idonsa jajur. Ya yi magana a waya, wayar ta fassara: al'adarsu ce a ƙona wa mamaci abin da yake so don ya same shi a can, kuma baffansa ba ya son komai kamar waɗannan.

Abdulƙadir ya ji tausayinsa, amma amana ce a wuyansa. Ya tsuguna ya juya littafin farko. A bayan bangon ga sunan wata ɗalibar Malam Tan da garinta, Nanjing, da lamba ɗaya. Ya juya na biyu, na uku, yana jerawa a kan gwiwarsa.

"Ka ga? Rubutun wa ne wannan?"

Mutumin ya shafa rubutun da yatsa. Can ya ciro tsohon tabaran baffansa da hular sanyinsa, su ya sa a wutar.

Lokacin damshi ne, bangon Guangzhou har gumi yake yi. Abdulƙadir ya kira Zayyad ya zo da kwalayen takalma. Littafi biyu a kwali, da 'yan ƙullin maganin damshi, sannan leda zagaye uku, yadda suke ɗaure mafi tsadar kayansu. Zayyad ya kai hannu zai dire ɗaya a siminti.

"Kai! Ba a ƙasa ba."

Zayyad bai yi musu ba, ya tuɓe rigarsa ta sama ya shimfiɗa a kan katako.

Da la'asar motar kaya ta tafi Nanjing da kwali ashirin da ɗaya. Abdulƙadir ya hau bene ya leƙa ɗakin tsohon. Teburin fayau, sai baƙar makar ɗinsa a tsakiya, an rufe mata murfi da kyau.