Jan Matashin Zinoviya Markivna

"Audugar ta yi yawa," in ji Zinoviya Markivna daga kan gadon jinya. "Lambar girma za a ɗora a kai, ba kan saniya ba."

Odarka ta sa haƙori ta tsinke zaren matashin da take ɗinkawa. Tun da suka zama maƙwabta a tsohon benen nan na Kiyev, ƙofa na kallon ƙofa, ba ta taɓa yin abin da tsohuwar ta yaba ba. Amma matashin, ita Zinoviya ce ta roƙa da bakinta. In mai lambar girma ya mutu, a kan ɗan jan matashi ake ɗora lambar, a wuce da ita gaban akwatin gawa, unguwa ta gani.

Zinoviya kuwa ko lamba ɗaya ba ta da ita. Tana budurwa aka kai ta gaban kwamfutar farko ta cibiyarsu, wadda ta cika ɗaki guda, fitilunta na zafi har maza na tuɓe riga. Injiniyoyi sun ƙera abarsu, amma ba ta umarni ya gagare su, sai su yini suna jera lambobi. Zinoviya ce ta tsara yadda mutum zai rubuta umarni a taƙaice, na'ura ta gane. Da kyautar gwamnati ta fito, sunayen maza ne reras. Ita kwalin alewa aka ba ta.

"Wannan karon da gaske ne," ta ce. "Ostap Hnatovich ya yi alkawari za a ba ni lambar. Ni na koya masa aikin, yanzu shi ne shugaba. Kwamiti zai zauna Alhamis."

Odarka ta ja tsaki. "Kwamiti. Sha romonki, Markivna."

"Gishiri ya yi yawa."

Ranar Talata da hantsi Zinoviya ta cika, Odarka na wanke mata kofi. Ta rufe mata ido, ta lulluɓe madubi da zane bisa al'adarsu, sannan ta zauna ta yi kukan da ita kanta ba ta zata ba.

Juma'a aka sauko da akwatin gawar zuwa tsakar gida. Ostap Hnatovich ya zo da furanni da tumbinsa, ya cire hula, ya ja Odarka gefe.

"Kwamiti ya zauna jiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kowa ya yarda ta cancanta. Sai dai ƙa'ida ce, wannan lambar ta masu rai ce. Da ta ɗan jira..."

"Ai laifinta ne," in ji Odarka. "Ta yi gaggawa."

Bai ji kunya ba, wallahi. Ya tsaya gaban gawa ya yi jawabi, ya ce marigayiya mace ce mai kyawun rubutu, ba ta taɓa makara aiki ba.

Da aka zo ɗaukar akwati, ya hango matashin a hannun Odarka, ba komai a kansa.

"Ki ajiye wannan, Iya. Mutane za su yi tambaya."

"Su yi. Kana nan ai."

Ta shige gaba, ta tallabo shi da hannu biyu kamar tiren shayi, ta fara takawa a hankali. Masu jiran bas a bakin titi suka cire huluna, suna miƙa wuya su ga abin da ke kai. Dusar ƙanƙara na sauka ɗai-ɗai a kan jan ƙyallen, tana narkewa.