Shanun Saje, Lambar Yayansa

Saje Risimati Chauke ya ajiye kakin soja saura ƙiris fanshonsa ya nuna, don kawai kada matarsa ta ci rabi. Daga nan komai ya lalace.

Matar, Tsakani, ita ta kai ƙara a raba auren. Tun da ya dawo daga yaƙin Kwango bai da abokin hira sai kwalba, hannunsa kuma ya yi saurin tashi. Aurensu na ofis ne, irin wanda komai rabi da rabi, har fanshon da ba a karɓa ba. Lauyanta ya faɗa masa haka a fili, ya ƙara da cewa kuɗin ciyar da yara biyu daga albashi za a riƙa yanka kafin ya taɓa hannunsa.

Da yamma ya zauna a mashayar bayan barikin Phalaborwa yana huci. Kofur Mashele, wanda aurensa biyu suka mutu, shi ya sa ake ce masa lauyan bariki, ya jawo kujera.

"Saje, kai da ka kwana a ramin Kwango mace za ta yi maka kwanton ɓauna? Alƙali yana raba abin da ya gani ne. Ka ajiye aiki, ka kwashe kuɗinka kafin ya sa hannu. In an tambaya, ka ce doki ya ci."

"Wane doki?"

"Na caca mana. Kai, Saje, kanka kamar tukunyar ƙarfe."

Aka yi dariya. Risimati bai yi ba. Ya riga ya fara lissafi.

Ya ajiye aiki. Haraji ya gatsi babban yanki, abin ya yi masa zafi, amma ya ce gara gwamnati da Tsakani. Sauran ya cire a hannu kaɗan-kaɗan, ya nufi ƙauyensu a bayan garin Giyani, wajen yayansa Gezani. Gezani ne ya gaji garken ubansu, shi ke da ƙarfen sa wa shanu lamba mai rajista. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya duban idon wanda yake magana da shi.

"Jini ɗaya muke," in ji Gezani. "Ka kawo, na riƙe maka har ƙura ta lafa."

A kasuwar gwanjon shanu Gezani ne ya ɗaga hannu, shi ya miƙa kuɗi, sunansa aka rubuta. Risimati yana can nesa jikin mota kamar ɗan kallo. Aka sauke shanu jajaye masu ƙiba cike da shinge. Ranar sa lamba shi da kansa ya danne wuyansu, yayansa yana manna jan ƙarfe a cinya. Ƙaurin gashi ya cika gidan. Tsohuwarsu tana zaune a inuwar bishiyar marula tana kallo, ba ta yi guɗa ba.

"Risimati," ta ce, "wutar nan ba ta gogewa fa."

"Na sani, Mama. Shi ya sa."

A kotu ya ɗaga hannu ya rantse cewa kuɗi sun tafi a bashi da caca. Majistare ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. Aka raba auren. Tsakani ta tashi da firiji da gado da yara biyu, Nyiko mai shirin gama sakandare da ƙanenta. Aka yanka masa kuɗin ciyarwa kowane wata. Ya ce ba shi da aiki, kuma gaskiya ya faɗa.

A bakin ƙofa Tsakani ta tare shi.

"Baban Nyiko, ni ka tsana, na ji. Yaran me suka yi maka?"

"Ki je lauyanki ya ciyar da su."

Damina ta yi kyau, shanu suka haihu. Risimati yana zaune a ɗakin haya a Giyani, kuɗin aljihu suna ƙarewa. Ya je ya ce a sayar masa da bijimi biyu. Gezani ya ce kasuwa ta faɗi, a jira. Ya koma, Gezani ya ce idon kotu yana kan Risimati, a jira. Zuwa na uku ya tarar an sa sabon kwado a shingen, ga wani kare da bai san shi ba. Matar Gezani, wadda da take ce masa Saje har da rusunawa, ta miƙo masa ruwa a tsaye ta juya.

A wurin da ake yi wa shanu wankan kaska ya ji labari: ɗan Gezani zai yi aure, daga garken nan shanun sadaki za su fita.

Ya sami yayansa yana gyaran wayar shinge.

"Yaya, shanun wa za ka kai gidan surukai?"

"Nawa."

"Naka? Da wane kuɗi? Kai da ko taya ba ka iya saya wa amalankenka?"

Gezani ya ci gaba da murɗa waya. "Ƙanena, ba kai ka rantse gaban hukuma ba ka da komai ba? Ni ban taɓa jin soja ya yi ƙarya ba."

Risimati ya dunƙule hannunsa. Ya cusa shi a aljihu ya tafi.

Ranar wanka ta zagayo. Gezani ya tafi jana'iza wani ƙauye. Da rana tsaka Risimati ya tare shanun a hanyar dawowa, ya kora su bakin titi inda babbar motar da ya yi haya take jira. Bai ɓuya ba. Wa ke ɓuya da kayansa? Har gaisawa ya yi da mutane.

Ba su yi nisa ba suka iske shingen 'yan sanda masu yaƙi da satar dabbobi. Ɗaya ya hau motar, ya shafa cinyar wata saniya, ya karanta.

"Baba, kai ne Gezani Chauke?"

"Ƙanensa ne. Shanuna ne."

"Fata ba ta ce haka ba. Takardar izini daga mai su fa?"

Babu. Aka kira Gezani a waya. Risimati yana tsaye yana jin muryar yayansa, a sanyaye kamar kullum, tana cewa bai aiki kowa ba.

Tsakani ta zo masa inda ake tsare da shi, da tuwon masara da miyar kaza a kwano. Ta rame. Ta zauna ta bar shi ya ci.

"Na san kuɗin fansho ne," ta ce. "Duk Giyani an sani. Lauyana ya ce in ka faɗi gaskiya, za a bi sawun abin da ka cire a banki a haɗa da ranar gwanjo. Za a hukunta ka kan rantsuwar ƙarya, amma ba kamar sata ba. A sayar da shanun, ka ɗauki rabi, in ɗauki rabi, Nyiko ta gama makaranta."

"Rabi."

"Rabi, Baban Nyiko. Yanzu me kake da shi?"

Ya dubi bango. Ya tuna laka da sauron Kwango, da abokan da aka dawo da su a akwati. Ya hango Mashele da 'yan mashaya suna dariya, an ce Saje ya durƙusa. Ya ture kwanon.

"Ko kofato ba za ki samu ba."

Ta ɗaure kwanonta a ɗankwali. "To. Ka ci nasara, Saje."

Ranar shari'a Gezani ya zo da sabon kwat, ya ba da shaida yana share ido, ya ce ƙanensa bai dawo daidai daga yaƙi ba. Aka tambayi Risimati ko yana da abin cewa kan yadda shanun suka zama nasa. Ya ƙame kamar a fareti, ya yi shiru.

Shekara shida aka ba shi. Kafin ya cika wata a gidan yari an kora shanun sadaki da guɗa, sauran Gezani ya sayar ya sayi motar haya. Kuɗin ciyarwa kuwa ba a karɓar su daga fursuna. Nyiko ta bar makaranta ana saura zango ɗaya jarrabawa, ta bi motar masu tsinkar lemo zuwa gonakin Letsitele. Can take har yau, ana biyanta a kan buhu.