Furen Auduga Ba Ya Son Manya

Ni na fara gani, kuma har yau ina cewa gara a ce idona ya rufe a safiyar nan. Ina durƙushe a bakin gona ina cire ciyawa, yara mata ashirin da wani abu sun jeru cikin audugar Konda Reddi, kowacce da fure namiji a hannu tana goga shi a kan macen da aka fere jiya da yamma. Sai 'yata Nagamani ta sunkuya. A bayan siket ɗinta ruwan ɗorawa ga tabo ja, faɗin tafin hannu.

Na yar da lauje na nufe ta, na kwance mayafina na ɗaura mata a ƙugu.

"Inna, lafiya?"

"Rufe min baki. Wuce bayan rijiya."

Shekararta goma sha biyu, uku daga ciki a gonar nan ta yi su tana aurar da fure. Babu mai saurin hannunta. Farcen babban yatsanta ya tsage ya yi baƙi saboda ɓare toho, amma da farcen nan muke ci tun da ubanta ya faɗo daga benen da suke ginawa a birnin Haidarabad ya rasu. Abin da nake samu a ciyawa ko gishiri da barkono ba ya isar mu.

A bayan rijiya ta duba jikinta. Ta ɗago, sai na ga murmushi yana neman ƙwace mata.

"Inna, ashe na girma? Kawu ya ce kore zai kawo min, sari kore mai bakin zinariya. Kuma za a yi min wankan gangamau, ko? A zaunar da ni kan tabarmar ganyen kwakwa kamar yadda aka yi wa ƙawata Renuka?"

"Ba ki girma ba. Ƙaya ce ta karce ki."

"Haba Inna, wace irin ƙaya ce za ta..."

Na ɗauke ta da mari. Ranar da ya kamata in yi guɗa in tara mata unguwa, a dafa kantun riɗi, ranar na mari 'yata. Kunyar abin ba ta sake ni ba har yanzu.

Amma me zan yi? Konda Reddi ba ya ɗaukar yarinyar da ta fara al'ada. Wai idan ta taɓa fure, kaɗewa zai yi ba tare da ya ƙulla ba. Ƙarya ce tsagwaronta, kowa ya sani. Uwarsa ma da hannunta ta yi aikin nan tana goye da shi. Gaskiyar maganar ita ce ƙananan yara rabin lada ake ba su, kuma ko mai feshi ya bi ta kansu da magani ba sa ɗaga murya. Saura mako shida furen ya ƙare. Na yagi tsumma daga tsohon zanena na miƙa mata.

"Mako shida kawai, Mani. Bayan nan ni da kaina zan je in kira kawunki."

Ta ɗauki furenta ta koma layi.

* * *

A kwana na uku furanni suka fara zuba. Iska mai zafi ce ta taso daga yamma, ga tsutsa, duk gonakin yankin Karnul haka suka kaɗe. Da hantsi Konda Reddi ya iso kan babur. Ya ɗebi furannin da suka zube cike da hannu, ya murje su, ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai ƙazama a cikinku. Maremma!"

Tsohuwa Maremma, wadda ke tattaro masa yara daga ƙauyuka, ta taho tana taunar ganyen nan da take ci kamar goro.

"Shiga da su ɗakin injin ruwa. Ki duba min kowacce."

Suka yi layi a rana, 'yan shekara takwas, 'yan shekara goma, wasu ma ba su san abin da ake nema ba, sai dariya suke. Nagamani ce ta tara. Ta juyo ta kalle ni sau ɗaya kafin ta shiga. Ni kuwa, matsoraciya, na sunkuyar da kai ina tsinkar ciyawar da na riga na tsinke.

Maremma ta fito riƙe da kunnen Nagamani, ta nufo ni.

"Ga ta nan. Ke Obulamma, ashe haka kike? Kin ɓoye ƙatuwar budurwa cikin jarirai?"

"Eka biyu ta kashe min," in ji Konda Reddi.

"Ranka ya daɗe, zafi ne. Gonar da ke gefe ma ta zubar, je ka gani."

"To can ma akwai irin 'yarki ke nan. Ku fice min, ke da ita."

Na kama ƙafarsa. Ban ji kunya ba a lokacin, tukunyata kawai nake gani. Ya janye ƙafar, ya kunna taba.

"Kina da wata ƙarama, ko? Mai bin ki da majina. Shekararta nawa?"

"Sirisha? Bakwai, ranka ya daɗe. Tana makaranta."

"Makarantar ce ke auna muku shinkafa? Kawo ta gobe, ke ma ki ci gaba da ciyawarki. In ba haka ba, kar in sake ganin ƙafarku a nan."

* * *

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Yayana, kawun Nagamani, ya aiko cewa ba zai zo ba, wai na ɓoye masa haƙƙinsa na kawo mata sarin girma, na kuma jawo masa abin faɗa a kasuwa. Ba a yi wanka ba, ba a shimfiɗa tabarma ba.

Zan so in ce muku na ƙi. Zan so in ce na tofa wa babur ɗinsa yawu. Ban ƙi ba.

Da la'asar na same su a bayan ɗaki, wajen 'yar kuɓewar da na shuka. Nagamani ta tsinko toho tana nuna wa ƙanwarta.

"Da farce, ba da haƙori ba, sakarya. A hankali. In kika ji wa tsakiyar ciwo, Maremma za ta murɗe miki kunne. In mai feshi ya zo, ki rufe hanci da riga, kar ki gudu, gudu ne ke ba su haushi."

"Yaya, zan riƙa zuwa makaranta da yamma?"

"Da yamma ake fere toho."

Na zuba musu shinkafa da ruwan tsamiya kafin rana ta faɗi. Sirisha ta cinye nata ta miƙo kwano, kamar kullum. Na ɗaga ludayi ke nan, Nagamani ta riƙe min hannu.

"Ya ishe ta, Inna." Ta juya ga ƙanwarta. "Ki daina yawan ci. In kina ci da yawa, saurin girma za ki yi."

Sirisha ta dubi kwanon, ta dube ni. Na mayar da ludayin cikin tukunya. Sai ta kife kwanon a ƙasa, ta tafi wanke hannu.